Bayan Hannun Kawu Fanka

Kawuna da bayan hannu yake taɓa inji, kamar yadda uwa ke taɓa goshin ɗanta in tana zargin zazzaɓi. In ya shigo gidanmu, kafin ya zauna sai ya ratsa ta gefen firji, ya ɗora masa bayan hannu, ya karkata kai yana saurare. Sai ya ce, "To, lafiya lau," sannan ya juyo ya gaisa da mutane. Mama ta sha yin ƙorafi a kan haka. Ta ce a gidan nan firji ne babba, ita ce ta biyu.

Wan Mama ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma har yau da furfurarta Auta yake kiranta. Ya fi shekara talatin yana gyaran fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, har unguwa ta manta sunansa ta koma ce masa Fanka, mu kuma muka ɗora Kawu a gaba. Karatunsa bai wuce firamare ba. Yana ɗan shekara goma sha uku aka kai shi wurin wani tsoho mai sake naɗa wayar cikin injin fanka. A makonsa na farko ya damƙi wani inji da aka kashe yanzu-yanzu, fatar tafinsa ta saɓule. Tabon na nan. Tsohon bai yi masa sannu ba sai da ya gama ɗaure hannun, sannan ya ce, "Tafin hannu kamawa ya sani, bayan hannu shi ya san gudu." Tun daga ranar Kawu bai sake miƙa wa inji tafinsa ba.

Shagonsa ɗan tsukukun ɗaki ne tsakanin tela da mai sayar da magani. Fukafukan fanka na rataye a rufi jere-jere, kamar an shanya su. Akwai wani mataccen firji a kusurwa da ya mayar kabad: sukundireba da filaya a inda ake ajiye ƙwai, dardumarsa a ƙasa inda ake sa kayan lambu. Amma wanzami ba ya son jarfa. Fankar gidansa ta shekara biyu a mace, matarsa, da muke kira Anti, da marfin kwali take fifita.

Doka ɗaya gare shi wadda ba ya karyawa: ba ya miƙa wa mutum kayan da ya gyara sai sun yi awa guda suna aiki a gabansa. Masu gaggawa su yi ta tsaki a kan benci, shi ko a jikinsa.

"Inji yana da sanyi, kowanne mutumin kirki ne," in ji shi. "Sai ya ɗauki zafi ake sanin halinsa."

Ni Shiru yake kirana tun ina ƙarama, kuma ban taɓa buɗe baki na musa ba, wanda hakan ya ƙara tabbatar masa da sunan.

A shekarar da nake kammala digiri na biyu, aikina a kan ambaliya ne. Na ɗauki taswirar wani kogi da unguwannin da ke bakinsa, na yanyanka ta gida-gida ƙanana har miliyoyi, kwamfuta kuma ta lissafa inda ruwa zai bi in sama ta zubo da ƙarfi: wane lungu zai fara cika, wane zai tsira. Lissafin ƙarshe kwana biyar yake ci, ba tsayawa. Tsohuwar laftof ɗina ba ta taɓa wuce awa uku ba. Sai ta yi zafi, ta yi huci, ta ɗauke ɗif. Sau huɗu ina gwadawa. Babbar kwamfutar sashenmu kuwa, layinta ya kai wata biyu. Saura kwana goma a rufe karɓar kundi, kuma duk wanda bai miƙa ba sai baɗi.

Baba ya ce a sayo wata. "Amma sau ɗaya ne fa. Ki zaɓa da kyau."

Malamar da ke duba aikina ta rubuta min abu biyu a 'yar takarda. Na farko irin furosesa, wato injin da ke yin lissafin. Na biyu ram, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai, kuma ta ja layi biyu a ƙarƙashinsa: kada ya gaza giga talatin da biyu.

Yayana ya ce shi zai raka ni. A banki yake aiki, takalminsa kullum kamar madubi, Kawu na ce masa Ɗan Kwalisa. Mama ta ce ba ta yarda ba, sai an tafi da Kawu.

"Wannan ko bulo aka sa mata a kwali aka ce kwamfuta ce, godiya za ta yi ta taho," ta ce tana nuna ni da ludayi. "Kai kuma in abu na ƙyalli, shi ke nan an gama da kai."

"Mama, kwamfuta fa za mu saya, ba fanka ba."

Kawu ya ajiye kofin shayinsa. "Akwai fanka a cikinta?"

Yaya ya amsa a daƙile. "Akwai."

"To ai 'yar gida ce. Ku tashi mu tafi."

Shagon a bene yake, ko'ina gilashi, sanyi kamar cikin firji. Muna shiga Kawu ya ɗaga kai ya dubi na'urar sanyin da ke bango, ya ce a hankali, "Wannan tana neman wanki." Yaya ya yi kamar bai san shi ba.

Mai shagon mutum ne mai fara'a da saurin baki. Ya karanta takardar malamata, ya ce, "An gama, ƙanwata," ya zaro wata daga cikin gilashi. Launin azurfa, siririya kamar littafin rubutu, ana iya ɗaga ta da yatsa uku. Furosesan shi ne wanda aka rubuta, ram talatin da biyu cif. Ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Har na hango kaina na shiga da ita ɗakin karatu.

"Ka ga kaya," in ji Yaya. "A naɗe mana."

Kawu ya karɓe ta ya kifa a kan kanta. Ya duba gindinta, ya duba gefenta, ya kai ido kusa kamar mai neman allura.

"Ta ina take numfashi?"

"Baba, wannan ta zamani ce. Ga 'yar kafa nan a bayan murfi, ta ishe ta."

"Kai ma na zamani ne, amma ga hancinka nan ƙofa biyu."

Mai shago ya yi dariya har da tafi. Kawu bai yi ba. Ya sunkuya yana leƙa kantar ƙasa, ya nuna wata baƙa da ke can kusurwa. "Waccan fa, mai ƙiba?"

"Wannan ta masu wasan gem a kwamfuta ce, Baba. Ba ta dace da 'yar boko ba. Furosesansu dai iri ɗaya ne, amma dubi nauyinta."

Ya ɗago ta da hannu biyu. Kaurinta ya kai na siririyar sau uku, cajarta kaɗai ta yi rabin bulo. Da ya kunna ta, sai fitilu ja da kore da shuɗi suka fara yawo a ƙarƙashin madannanta kamar motar rake. Yaya ya rufe ido. Kawu kuwa ya kifa ta, ya ga ramukan iska a gindi, a gefe biyu, a baya, ya hura ɗaya, ya ji iskar ta fito ta wancan ɓangaren. Fuskarsa ta saki, kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tasha.

"Shiru, aikin naki yana tare da ke?"

Na gyaɗa kai. Akwai ɗan yanki na lissafin a filashina, 'yar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, wanda nake gwaji da shi.

"Sa musu su biyun. Mu ga gudunsu awa ɗaya."

Mai shago ya daina dariya. "Haba Baba, ba a haka a nan. Ana kunnawa, a ga ta kawo haske, a biya."

"Haka kake auren mata? Ka ga ta kawo haske?" Kawu ya ja kujerar baƙi ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Kuma a kashe wancan sanyin. Falon ƙanwata babu irinsa, can za ta zauna."

"A kashe? Baba, kwastomomi fa!"

"In ka kashe, jibi na zo na wanke maka ita kyauta. Ba ka ji tana tari ba?"

Mai shago ya dubi na'urar, ya saurara. Tana tarin kuwa. Ya ɗauki rimot ya kashe.

Na sa musu aikin, mutum uku sun zuba min ido. A kowane allo wata lamba ta fara hawa, tana nuna matakin da lissafin ya kai. Siririyar ta fita da gudu. Cikin minti biyar ta ba baƙar rata.

"Kawu, ka gani ko?" in ji Yaya. "Ƙiba ba ƙarfi ba ce."

Kawu ya matso kusa da kwamfutocin. Bayan hannunsa na dama na kan ɗaya, na hagu na kan ɗayar, idonsa a lumshe. Baƙar ta fara ƙara, da farko kamar sauro, can kuma kamar injin busar da gashi. Wata mata da ta shigo sayen caja ta waiga ta ce ko wani abu ne zai fashe.

"Ka ji ko, Baba?" in ji mai shago yana share gumi. "Wa zai zauna da wannan a ɗaki?"

"Mai aiki shi ke haki."

Wajen minti ashirin na lura lambar siririyar ta rage sauri. Ba ta tsaya ba, amma ta koma tafiyar wanda ya ɗauko kaya a rana. Na san dalili, mun karanta shi a aji: in furosesa ya yi zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Sanina a takarda ne. Ban taɓa tunanin in zo shago in sa a kashe sanyi in ga abin da idona ba. A minti na talatin da biyar baƙar ta kamo ta. A na hamsin ta wuce ta da nisa, tana ta hucinta, ko gezau.

Kawu ya kamo hannun Yaya ya juya shi, ya ɗora bayansa a saman madannan siririyar. Yaya ya fizge da sauri.

"Ka ji? Ita ba ta ƙara, ba ta kuka. Zurfin ciki gare ta, irin na Shiru. Tana ƙonewa ba za ta faɗa ba."

Suka yi dariya su duka, har mai shago, wanda ya riga ya jawo kwalin baƙar yana cewa dama shi ma ita ya so ya ba mu tun farko. Ni ban yi dariya ba. Tun da aka ɗago baƙar na karanta 'yar takardar da ke manne a gefenta, kusan awa guda ke nan ina ɓoye maganar a cikina. Ram ɗinta giga goma sha shida ne. Ɗan yankin da na gwada ƙarami ne, shi ya sa ya shige. Cikakken aikin ba zai shiga ba. In aka naɗe ta a haka, kwana biyar zai koma ashirin, ko ma ta ƙi ɗauka sam. Ga Kawu yana ta murna, ya ci gasa a gaban Ɗan Kwalisa. Ga mai shago ya yayyago salatif.

"Ba za ta yi ba," na ce.

Babu wanda ya ji. Salatif ya yi ƙara.

"Kawu, ba za ta yi ba!"

Kowa ya waigo. Ni kaina na tsorata da muryar. Kawu ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya ya fuskance ni.

"To. Faɗa min."

Na rasa ta inda zan fara, sai teburin shagonsa ya faɗo min a rai. Na ce masa ya ɗauka an kawo masa babban firji, amma teburin aikinsa bai fi faranti ba. Duk ƙarfinsa da saurinsa, sai ya kwance ƙusa ɗaya, ya kai ta sito, ya dawo, ya ɗauko wata. Na ce baƙar tana da ƙarfi, tana da numfashi, amma teburinta rabin abin da aikina ke bukata ne. Siririyar ce mai babban tebur.

"Ka ji ko!" Yaya ya farfaɗo. "Ai na faɗa."

Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallon baƙar.

"Teburin nan, a jikinta aka gina shi, ko ɗora shi aka yi?"

"Na siririyar a liƙe yake da dalma," in ji mai shago. "Na wannan kuma… ina jin ana ƙarawa."

"Kana ji, ko ka sani?"

Kafin ya amsa, Kawu ya zaro ɗan sukundireba daga aljihun gaban rigarsa, inda wasu ke sa biro. Mai shago ya yi tsalle ya tare.

"Baba, don Allah! Sabuwa ce fil! Kawo, ni zan buɗe."

Ya buɗe da kansa, yana ta addu'a ƙasa-ƙasa. Murfin ya tashi. Fankoki biyu ne a ciki, da bututan jan ƙarfe guda huɗu kwance a kan injin. Kawu ya yi musu kallon da ake yi wa jariri. Ni kuma na nuna masa gefe: ga ram ɗaya a maƙale, ga gurbin na biyu kusa da shi, wayam.

"Ashe da ɗaki a gidan, ba kowa," in ji Kawu. "A sa mata ɗan haya."

Mai shago yana da shi a aljihun tebur. Ya maƙala, aka rufe, aka kunna, allo ya nuna talatin da biyu. Kawu ya sa na sake ɗora mata aikin na wani rabin awa, don a cewarsa an yi mata tiyata, sai an ga ta farfaɗo. Da muka sauko daga benen, Yaya ne ya ɗauki kwalin, yana cewa kafaɗarsa za ta gurɗe. Kawu ya rage tafiya har na iso shi.

"Saura kaɗan in sayo miki jaki mai ƙaramar mangala," ya ce. "Daga yau in kina ƙonewa ki riƙa yin ƙara."

Da yammar nan na kunna babban lissafin a kan teburin falo. Yaya, Allah ya saka masa, ya kwance batirin solar ɗakinsa ya jona mata don kada ɗaukewar wuta ta katse mu. Na roƙi kowa kada a taɓa, kada a rufe murfin. Abin da na manta ban faɗa ba shi ne ya kusa kashe ni.

Mama ba ta iya ganin abu mai daraja a tsirara. Talabijin na da mayafinsa, keken ɗinki na da nasa, har rediyon Baba, duk saƙar hannunta, masu furanni da tuntaye a baki. A rana ta biyu na tafi makaranta ganin malamata. Da na dawo da azahar na haɗu da Kawu a ƙofar gida, ya zo duba mara lafiyarsa, kamar yadda ya ce. Ko sallama bai ƙarasa ba ya tsaya cak, ya karkata kai.

"Auta! Wa kike shaƙewa a falo?"

Muka ruga. Ga kwamfutar an ɗauke ta daga tebur an ɗora a kan matashin kujera mai laushi, an lulluɓe ta da sabon mayafi ruwan hoda, tuntayensa na kaɗawa saboda iskar da ke neman hanyar fita. Kukan da take yi ba haki ba ne, ihu ne. Kawu ya yaye mayafin, ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Ban rufe murfin ba ai," in ji Mama daga ƙofar kicin. "Ta ce kada a rufe murfi, ban rufe ba. Abu mai tsada a bar shi a kan katako kamar tsohon kwano? Kuma tun jiya take kuka, na ce ko sanyi take ji."

"Sanyi! Auta, ke da na goya, yau ke za ki kashe min majinyaci?"

"Ka goya ni ka yar da ni a kwata, har yau ga tabon."

Ni ina durƙushe gaban allon. Ba ta mutu ba. Lissafin na nan yana tafiya, amma tun safe rarrafe yake yi. Na duba lambar, na ƙirga: rabin yini ya tafi. In aka sake haka sau ɗaya, ba zan sami lokacin rubuta babin ƙarshe ba.

Kawu ya fita. Bayan la'asar sai ga shi da ragar ƙarfe ta cikin wani mataccen firji, ya yi mata ƙafafu huɗu da guntayen bututu. Ya ɗora kwamfutar a kai, iska na wucewa ta ƙasa. Sannan ya koma waje ya shigo da fankar tsaye, ya saita ta tana hura gindin ragar. Kukan ya sauka, ya koma hakinta na da. Fankar kuwa shiru take juyi, sumul, kamar sabuwa. Sai da na ga tsumman da Anti ta ɗaure wuyanta da shi na gane ta.

"Kawu, wannan ba ta gidanka ba ce?"

"Ɗan abu ne ya ƙone a ciki. Minti goma."

Mama ta nemi a bar ta ta ɗora ko ɗan ƙaramin mayafi a gefe. Aka yi sulhu: ta shimfiɗa shi a ƙarƙashin ƙafafun ragar.

Da hantsin rana ta bakwai lambar ta kai ƙarshe. Taswirar ta fito, kogin da unguwanninsa, shuɗi mai duhu inda ruwa zai yi zurfi, fari inda zai tsaya. Fankokin cikinta suka yi shiru a karon farko, har falon ya zama wani iri. Na rubuta babin ƙarshe cikin kwana biyu, na miƙa kundin ana saura yini ɗaya.

Washegari Anti ta zo da kanta. Ta yi min barka, ta rungume ni, sannan ta zare filogin fankar ta saɓa ta a kafaɗa.

"Shekara biyu ina roƙo," ta ce wa Mama. "Ashe laifina ɗaya, ba ni da fitilu a jiki."

Har yau da baƙar nake aiki. A ofis suna ce mata janareta, kuma na sayi jakar goyo saboda ita. Ragar firjin na nan a kan teburina na gida, da mayafin ruwan hoda a ƙarƙashinta. In Kawu ya shigo, ya fara da firji, sannan ya leƙo ɗakina ya ɗora mata bayan hannu, ya karkata kai.

"To, lafiya lau."

Mama ta ce yanzu ta koma ta uku.